Mani, baƙon da ya zo yi wa shanu lamba

Ran Talata, 13 ga Afrilu 1965, naman Layya bai gama bushewa ba, direbanmu Inusa ya tsaya ƙofar gidana a Dogon Dutsi ya ce, "Umaru, Mani ya cika." Mani, sanƙarau ne ya kama ka a Sukukutane, ba a isa da kai asibiti ba. Na ce to. Na koma na ƙarasa ba akuyata dusa. Har yau ban yi kuka ba, kuma ban san dalili ba.

Sunanka na yanka Alban, ka zo daga Turai aikin sa kai, aka haɗa ka da ni a ma'aikatar kiwo, muna yi wa shanu lambar ciwon bushiya. Makiyaya suka kasa faɗin sunan, suka sa maka Mani, ka amsa.

Aikin ba shi da wani ado. Rabinsa turin mota ne cikin rairayi, rabinsa jiran man da bai zo ba. Cikinka bai taɓa shiri da ruwan rijiyoyinmu ba, ka rame har wandonka sai da igiya. Ranar da firjinmu na kananzir ya mutu a Dumega maganin duk ya lalace, ka zauna gindin gawo ka rufe fuska da hula. Da ka tashi ka ce mu bi rugage mu gaya wa mutane da bakinmu, kada su koro shanu cikin rana a banza. Muka bi su a ƙasa.

Na tuna Yero, dattijon da ya hana mu taɓa garkensa don yana zaton ƙidayar jangali ta kawo mu. Ba ka yi masa gardama ba. Ka kama igiyar guga kana taya 'ya'yansa shayarwa, yau da gobe, har tafin hannunka ya sale. Wata safiya Yero ya kama hannun ya duba, ya ce, "Wanga ba hannun mai karɓar jangali ba ne. Ku taho gobe." Da ciwon ya ratsa yankin, garkensa ya tsira.

Ka sha gaya mini kana kewar mahaifiyarka da ruwan sama na garinku. Wa'adinka saura kaɗan ya cika. An kai gawarka Yamai, daga can jirgi ya ɗauke ta. Ba mu yi maka wanka ba, ba mu san kabarinka ba. Jiya Yero ya zo da ƙwaryar nono zai yi gaisuwa, ya rasa wanda zai yi wa, sai ya yi mini. Muka zauna tare har azahar.

Ya Allah, ba addininmu ɗaya da shi ba, hukunci naKa ne. Mu dai mun shaida baƙo ne da bai cuce mu ba, ya sha rana saboda dabbobin da ba nasa ba. Ka dube shi da rahamarKa mai faɗi. Ka ba 'yan'uwansa haƙuri.

Ke kuma Inna, da ban san sunanki ba, ba ki kuma jin harshen nan: ɗanki bai mutu a yashe ba. Kansa na bisa cinyar Inusa ya cika. Allah Ya ba ki dangana.