Baba Sale da Birkin Hannun Jif ɗin Hajiya

Idan ka shigo layinmu a Agege ta bayan layin dogo, za ka ga wani dattijo baƙi mai faɗin kafaɗa zaune kan benci a ƙofar siton Hajiya Laraba, yana hararar titi kamar titin ya zage shi. Baba Sale ke nan. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, amma kada ka yi masa maganar mota.

Mutumin wajen Gumel ne. Ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Iddo yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Mile 12 har kwandon tumatir ya cinye masa baya. Da bayan ya ƙi, sai Hajiya Laraba ta ɗauke shi. Ita Hajiya ba ta zaman jiran kaya a kasuwa. Tana da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, da ita take wuce Abule Egba ta nutsa ƙauyukan Ogun, ta sayo attaruhu da goro a bakin gona. Hanyoyin can duk tudu ne da jar laka. Jif ɗin kuma komai nata lafiya, ban da birkin hannu. Ko ka ja shi har ya kusa taɓa maka haɓa, mota za ta ci gaba da sulalewa baya abinta.

Wannan ciwon na mota shi ne aikin Baba Sale. Yana da waigi, guntun katakon nan da ake cusawa bayan taya, shi ya sassaƙa abinsa, ya huda ya ɗaura masa igiya. Da zarar Ɗan Azumi direba ya fara rage gudu a kan tudu, kafin ma ya buɗe baki Baba ya dira, ya cusa waigi, ya buga jikin mota da tafin hannu. Mota ta tsaya cak.

Hajiya ba ta son gaba saboda ƙafarta, a baya take miƙewa. Don haka kujerar gaba ta Baba ce. Ku da ba ku taɓa ɗaukar kwando a ka ba, ba za ku gane ba. Mutumin da ya yi shekaru ana yi masa hon ya kauce, yau shi ne a gaba, gwiwar hannu a taga, yana ɗaga wa tsofaffin abokan dakonsa yatsu biyu. Kuma duk inda suka je Hajiya sai ta faɗa: "Ni Sale ne birkina. In babu shi ba na fita."

Ba wai ba a taɓa kai motar gyara ba. An kai. Kowane bakanike sai ya ɗaure notin da ke gindin sandar birkin, ya ce an gama, kwana kaɗan abin ya koma yadda yake. Har Ɗan Azumi ya haƙura. Sandar ta zama maratayi: kullum tana ɗage, ya rataya carbinsa da wayar caji a kai, haka yake tuƙi, don ko a sama take ko a ƙasa duk ɗaya ne.

Sai ga Boubacar. Bakanike ne ɗan Nijar, daga Agadez, ya girma cikin motocin hamada, ya samu lungu a garejin bayan masallaci. Wata Juma'a ya ga Baba yana cusa waigi a gangaren ƙofar masallaci, ya tsaya yana kallo.

"Hajiya, feren ɗin hannu ba ya aiki ne?"

Birki yake nufi, da Faransancinsu na Nijar. Baba ne ya amsa. "Yana aiki. Ga ni nan."

Boubacar ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Hajiya ma ta yi dariya, ta ce gobe a kai masa motar.

Baba ya bi su gareji, ya tsaya a kan bakaniken yana riƙe da waigi a hammata. Boubacar ko kallon notin nan bai yi ba. Ya ɗaga bayan mota da jak, ya cire tayoyi, ya buge kwanon ƙarfen da birki ke kamawa a ciki. Ciki duk baƙin mai ne da busasshiyar laka.

"Baba, duba nan. Sil, robar da ke tare mai, ya mutu, mai na zuba kan shu, abin da ke kama kwanon. Shu mai maiƙo ba ya riƙe komai. Wayar kuma ta yi tsatsa, ta saki."

"Ni ba babanka ba ne," in ji Baba. "Kuma nan Legas ne, ba rairayi ba. Da yawa sun gwada kafin kai."

Boubacar ya sauya sil, ya sa sababbin shu da sabuwar waya, ya wanke abin saiti da kananzir har ya fara juyawa da yatsa, ya daidaita ta wajen taya tukuna, sannan ya komo kan sanda. Suka je gangaren masallaci. Ɗan Azumi ya ja sanda, ta yi ƙas-ƙas ta tsaya tun ba ta yi nisa ba. Ya ɗage ƙafa daga birki. Baba ya riga ya dira, ya sunkuya bayan taya yana jira motar ta taho. Ba ta taho ba. Ya daɗe a sunkuye.

Daga ranar Hajiya ba ta da hira sai Boubacar. Ta yi muryar WhatsApp a guruf ɗin 'yan attaruhu tana yabonsa. Ta aika masa tuwo da miyar kuka a kular baƙi, wadda Baba bai taɓa cin abinci a ciki ba. Baban aka ba ya kai. Ya sa wa Boubacar suna Malam Feren. A majalisar mai shayi yake cewa, "Jiya-jiya ya zo garin nan, ko Oshodi bai san hanya ba, wai shi ne gwani. Ku bari damina ta kama."

Ɗan Azumi haihuwar Agege ne, bakinsa ba linzami. "Abeg, Baba, shebi hutu aka ba ka? Zauna ka sha iska, oga."

Baba bai ga hutu a ciki ba. Sun yi tafiya, sun dawo, waigi na ƙarƙashin ƙafarsa ba a kira shi ba. Har ya ji Hajiya na cewa kujerar gaban nan za ta ci buhu biyu.

Sai wata safiya za su Ifo. Ɗan Azumi ya tsaya shan mai, ya ja sanda rabi, ya rataya carbi kamar yadda hannunsa ya saba shekara da shekaru. Da aka gama ya sa giya ya ja mota, bai sauke ba. Fitilar gargaɗi ta daɗe da mutuwa. Motar ta yi nauyi, ya ce man gidan nan ba shi da kyau, ya ƙara taka ta.

Sandar tana nan dab da cinyar Baba. Ya kalle ta. Ya kalli carbin yana lilo. Ya juya ya sa gwiwar hannu a taga.

Wajen Sango wari ya fara shigowa. Hajiya ta ce wa ke ƙona taya. Baba ya ce bola ce. Ba su yi nisa ba wani mai okada ya jero da su yana nuna baya, hayaƙi na tashi daga tayoyin biyu. Suka faka. Baba ya dira ya cusa waigi, ya buga jikin mota da ƙarfi fiye da kullum.

"Hajiya, kin ga aikin Malam Feren."

Aka kira Boubacar, ya zo a kan okada da jakar sifanu. Ya kai hannu kusa da taya ya janye. Ya leƙa ciki, ya ga sanda a sama da carbi a kai. Ya cire carbin ya miƙa wa Ɗan Azumi, ya sauke sanda.

Ɗan Azumi ya dafa kai. "Hajiya, wallahi hannuna ne ya saba. Ni na manta."

"Kai na san ka manta," in ji Hajiya. Ta juyo. "Sale. Ina bayanka a zaune. Na ga ka kalli wurin nan tun a gidan mai, ban gane me kake kallo ba sai yanzu. Ka gani ko ba ka gani ba?"

Boubacar ya so ya raba. "Hajiya, shu ne kawai, zan sa wasu, ba komai."

Wannan ne ya ƙarasa Baba. Wai yaron nan ne zai roƙa masa. Da ya ce bai lura ba, da maganar ta mutu a nan. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ni aikina waigi ne. Birki na masu birki ne."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. "To. Da ni a cikin motar."

Ba ta kore shi ba, ba halinta ba ne. Ta ce bayansa na bukatar hutu, ya riƙa tsaron sito. Abincinsa na nan, komai nasa na nan. Kujerar ce babu.

Yanzu da safe jif ɗin kan wuce ta gabansa, gaba cike da buhunan wofi. Ɗan Azumi ya yi masa hon, Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Boubacar kuma har yau bai daina gaishe shi ba, kullum in zai tafi gareji sai ya rusuna: "Baba Sale, ina kwana, ya baya?"

"Lafiya," in ji Baba.

Shekaranjiya da Boubacar ya ba da baya, Baba ya bi shi da ido har kwana, sannan ya juyo wajen mai shayi. "Ka ga takalmin ƙafarsa? Sabo ne. Ita ta saya masa, ko ba a faɗa mini ba na sani."