Neman takardar albasa a Illela

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da ɗiyata ta biyu, wadda ke karatun aikin gona a jami'a. Malaminta ya ce ba za a karɓi rubutunta na ƙarshe ba sai ta kawo wani tsohon bincike kan ajiyar albasa, wanda aka buga a wata mujalla tun gemuna yana baƙi. An gaya mata wata ƙungiyar manoma a Illela tana da ɗakin karatu cike da waɗannan mujallu. In ba ta samu ba kafin a rufe karɓar rubutu, sai baɗi. Uwarta ta ce in raka ta. Ni da aka kora daga lakwal a aji biyu don na sa wa mushe, wato malaminmu, kwaɗo a aljihu, yau ga ni ɗan rakiyar masu bincike.

Daga Malbaza mota ta sauke mu Tsarnawa, muka jira ta Tawa ta cika. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora laifin kan mai, kamar kullum. Na sha shayi da burodi a kan buhun wani da bai gan ni ba. Kwalta lafiya lau a wasu wurare, a wasu kuwa ramuka sun girgiza 'yan haƙoran da suka rage mini. Jandarma ya dubi katina, ya dube ni, ya ce hoton ya fi ni ƙuruciya. Na ce masa ya jira, nasa na tafe.

Fadamar Badagishiri kore shar, tumatir da kabeji da albasa, mutane duƙe suna ban ruwa. Nan muka hau kabu-kabu zuwa Illela.

Ɗakin karatun muka tarar a share tas, kantoci wayam, na'urori a kan tebur an lulluɓe su da zane. Mai kula da wurin, mutumin kirki, sai da ya ba mu ruwa sannan ya ba mu labari. Shekarun baya wani proje na masu ba da tallafi ya kawo na'urorin, ya biya musu kuɗin shiga rumbun mujallu na intanet, wadda ka taɓa sai ta fito. Suka ga takardu sun cinye wuri, ga gara ga ɓeraye, suka sayar da su kwali-kwali ga wani mai tsire a Badagishiri. Proje ya ƙare, biya ya tsaya, rumbu ya rufe.

Na ce, "To abin da aka biya, bai zama naku ba?"

Ya ce, "Baba, ashe haya muka yi, ba saye ba."

Ya ce ana iya sa wani ɗakin karatu na ƙasar waje ya aiko da shafukan, amma kowane shafi da kuɗinsa, aikowa da nata, biya kuma sai da katin banki, wanda ba mu da shi, kuma abin yana ɗaukar makonni. Ɗiyata ta tambayi jimillar, ta ji, ta gyara mayafinta, muka yi masa sallama.

Muka koma Badagishiri neman mai tsire. Ya ce saura kaɗan a ƙarƙashin tebur, mu duba, amma mu fara sayen nama. Muka zauna a ƙasa muna tona. Ni ban jin Faransanci, hoto nake bi. Na ci karo da albasa ƙatuwa, na ɗaga ina kirari, ɗiyata ta duba ta ce tallar iri ce. Can sai na ga hannunta ya tsaya. Ta samu bangon mujallar da take nema, ga sunan binciken a jere, ciki kuwa babu ko ganye ɗaya. Mai tsire ya ce wannan takarda ai mai kyau ce, mai bai ratsa ta, ita ya fara ƙarewa. Na so in yi dariya, na dubi fuskar yarinyar, dariyar ta koma.

A mota ta buga wa malaminta waya. Ya tausaya mata, ya ce zai sa wani abokinsa ya nemo, amma ba za ta iso kafin a rufe ba. Daga nan har Tsarnawa waje take kallo.

Mun iso gida kafin magariba. Uwarta ta tambayi abin da muka samo, na miƙa mata tsire.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, in an buɗe maka rumbun wani, ci ka gode, amma kada ka rushe naka. Yarinyar za ta yi shekara guda a gida saboda takardar da aka naɗe nama da ita. Sai dai ban iya zagin mutanen Illela ba. Da ni ne a ɗakin nan ranar da na'urorin suka zo, da ni zan fara kiran mai tsire, har in roƙi gyaran tsinke biyu.