Lasifikar Malam Tarihi

Shekarunsa arba'in da tara, malamin sakandare ne, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma tun yana firamare ba ya gani. Darasin da yake koyarwa ya cinye sunansa. Ɗalibai da iyayensu da mai gadin ƙofa, kowa Malam Tarihi yake ce masa.

Ciwon ido ne ya tafi da ganinsa a hankali. Ya yi karatu da rubutun makafi, daga baya ya koma kwamfuta mai manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo. Yakan sa abin kunne, ya ƙure wa muryar sauri, har wanda ya karɓa ya saurara ba ya tsintar komai. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, takan ce muryar nan ta fi kekenta surutu, ga shi ba ta taɓa ɗinka ko hula ba.

A ofishin malamai teburinsa na kusa da taga, sandarsa a jingine da bango. Shi ne malamin ajin ƙarshe, kuma ya daɗe yana riƙe da shi. Ɗalibansa kan rubuta masa jarrabawa a ɗakin kwamfuta, muryar ta karanta masa, ya ba da maki. Ba ya neman a duba masa aiki, kuma ba ya son a yi masa tayi.

Makarantar tana da shafi a intanet inda malamai ke shigar da maki da bayani kan kowane ɗalibi, iyaye su gani a wayoyinsu. Wani kamfani ne ya haɗa shi. Da farko lafiya lau yake aiki. A wani dogon hutu kamfanin ya sabunta shafin, da aka dawo sai aka tarar da shi a hargitse. Wasu haruffa sun koma akwatuna da alamun tambaya. Rubutun da masu haɗa shafi ke ɓoyewa a baya ya fito fili, alamun rubutu irin su baka da waƙafi da guntayen kalmomi sun maƙale a kan sunayen ɗalibai. Malamai suka yi ƙorafi na 'yan kwanaki, sannan suka saba. Ido yana tsallake shara. Kowa ya gane cewa koren maɓalli shi ke adanawa, ja kuma shi ke gogewa, ko da abin da aka rubuta a kansu ba ya karantuwa.

Muryar kwamfuta ba ta tsallake komai. Kowace alama sai ta faɗe ta da sunanta kafin ta kai ga sunan yaro, kuma ba ta san kore ba, ba ta san ja ba. Maɓallan biyu, shirme iri ɗaya take karanta masa a kansu. Wata ranar Laraba da hantsi ya gama shigar da makin ajinsa, ya danna wanda ya ɗauka na adanawa ne. Makin ajin duka ya goge. Yana da su a ajiye a kwamfutarsa, ba a yi asarar komai ba, amma iyaye sun riga sun buɗe sun ga wayam, sun fara buga waya.

Shugabar makarantar ta kira shi ofis. Mace ce mai sanyin magana, kuma ita ce ta tsaya aka saya masa kwamfutar tun farko. Ta tuna masa dokar makaranta, cewa malamin aji shi ke shigar da maki da hannunsa kuma shi ke amsa tambaya a kansu. In wani zai riƙa shigar masa, to ajin ya koma hannun wanin. Ta ce akwai gurbi a ofishin ba ɗalibai shawara, da fanka, ba ruwansa da shafi.

"Malam, sauƙi nake nema maka," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, idona tun ina yaro ya lalace, na san da wannan. Shafin nan kuwa a hutun da ya wuce ya lalace. Wanda ya fi sauƙin gyara shi ya kamata a gyara."

A gabansa ta kira kamfanin. Mutumin da ya ɗauka ya ce sun san da matsalar, ba ta hana aiki ba, kuma babu wata makaranta da ta yi kuka. Ta ajiye waya, ta ba Malam Tarihi zuwa ƙarshen zango. In ya shigar da makin shi kaɗai ba tare da wani abu ya sake gogewa ba, ajin nasa ne.

A gida matarsa ta kawo shawara, a sa babbar 'yarsu ta riƙa nuna masa maɓallin, babu wanda zai sani. Ya ce abin da yake gudu ke nan, domin in babu wanda ya sani babu wanda zai gyara. Ban da haka, abin da ya rubuta kan 'ya'yan mutane amana ce, ba ta 'yarsa ba ce. Ta ce masa, "Baban yara, taurin kanka dai ya fi ƙarfin allurata," ta koma kan kekenta.

Washegari ya zo ofishin malamai da ƙaramar lasifika. Ya cire abin kunne ya jefa a aljihun tebur, ya rage wa muryar sauri yadda kowa zai ji, ya buɗe shafin. Muryar ta kama jero alamu ɗaya bayan ɗaya, baka ta buɗe, baka ta rufe, alamar tambaya, alamar tambaya, sannan sunan yaro, sannan ta koma farko.

Malamin lissafi, abokin zolayarsa, ya ɗago daga tarin takardu. "Mutumina, wane yare ne wannan?"

"Wanda kuke karantawa kullum. Ni dai na gaji da ci ni kaɗai."

Ranar farko an yi dariya. Zuwa ƙarshen mako dariyar ta ƙare. Malamar Turanci ta kwashe littattafanta ta koma baranda. Wani ya ɓoye wayar lasifikar, Malam Tarihi ya sayo wata. Wasu sun ce girman kai ne, an ba shi ofis mai fanka ya ƙi. Wasu sun ce ai ba su suka lalata shafin ba, don me za a hukunta kunnensu. Ya amsa cewa shi ma ba shi ya lalata ba. Malamin lissafi, wanda ya fi kowa tsokanarsa, shi ne ya ɗauki sautin a wayarsa ya tura wa kamfanin, ya ce ko don ya samu ya duba takardunsa cikin shiru.

A cikin hayaniyar nan Malam Tarihi ya samo hanya. Ya gwada da makin yaro ɗaya, ya gano cewa daga gurbin ƙarshe da ake cikewa a shafin, maɓallin da aka fara tararwa shi ke adanawa. Bai kira wannan gyara ba, lalube ya kira shi. Da laluben ya shigar da makin ajinsa duka kafin a rufe zango, babu abin da ya goge. Shugabar ta cika alkawari, ajin ya zauna a hannunsa.

Kamfanin ya taɓa shafin a hutun da ya biyo baya. Ya share akwatuna da alamun da ido ke gani, sunayen ɗalibai suka fito tsaf, malamai suka ce an gama. Maɓallan biyu kuwa, muryar har yanzu ba ta bambanta su. Saboda haka lasifikar tana nan kan teburin kusa da taga.

Ranar Litinin ɗin nan shugabar ta zo da kanta ta ajiye masa sabon abin kunne a kwalinsa, irin mai laushi da ke rufe kunne duka. Ya buɗe, ya shafa, ya ce kaya ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Ya mayar cikin kwalin, ya ɗauki sandarsa, ya bi ta har ofis ya ɗora mata a tebur.

"Ki ajiye mini, ranki ya daɗe. Ranar da maɓallan suka sami suna zan zo in karɓa."