Ranar da Malam ya je jin busar Saje

Shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka bar wa farar hula mulki, kowa a unguwarmu ta Yakasai ya zama ɗan siyasa sai ni. Ni aure nake nema. Ina koyarwa a firamare, na kuma samu yarinya a Ɗan Agundi wadda in ta yi dariya sai in manta darasin da zan koyar gobe.

Sana'ar mahaifinta ce matsalar. Saje ne na 'yan sanda, amma da gwaggona ta je bincike kamar yadda aka saba, sai ta dawo tana tafa hannu tana salati: ashe ɗan badujala ne, busa yake yi. Mu kuwa gidan malamai ne. Mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, a wurinsa mai busa maroƙi ne ko da ya sa kaki, kuma gidanmu ba a haɗa zuri'a da maroƙa.

Na tsara hujjata na same shi a zaure. Na ce Saje ɗan sanda ne kamar kowane, an miƙa wa wani bindiga, wani kulki, shi aka miƙa masa ƙaho. Umarni yake bi kawai, da son ransa ne da yana kan titi yana ba motoci hannu. Malam ya ce in haka ne babu laifi, amma zai je ya gani da idonsa.

Ba a jima ba aka shirya wa sabon ɗan majalisarmu liyafa a filin wata makaranta, aka ɗauko 'yan badujala. Mutumin nan bara yake auna gero a kasuwa, yau ga shi da malum-malum kamar zai tashi sama. Ya kama lasifika ya yi mana alkawarin famfo, da kwalta, da asibiti, saura kaɗan ya ce zai sauko da damina. Malam yana zaune a gefe ya sha kunu. Ni kuwa addu'a nake Allah ya sa Saje ya yi busar ma'aikacin gwamnati, wato ta a tashi lafiya.

Saje gajere ne, baƙi, ga tumbi ya ture maɓallin riga. Abin busarsa dogon ƙaho ne na tagulla mai hannu da ake zugewa gaba a janyo baya, su suna ce masa turombon. Da farko komai ya tafi yadda nake so, taken faretin nan ne da kowane ɗan makaranta ya sani. Har ya buɗe wani ɗan marfi ya tsiyaye yawun da ya taru a ciki dab da takalmin ɗan majalisa. Na saki ajiyar zuciya, na ce wannan ai ko gwaggo ba za ta kira shi gwani ba.

Sai sauran 'yan badujalar suka yi shiru suka bar shi shi kaɗai.

Wallahi ban san ƙarfe yana iya haka ba. Ya fara can ƙasa, da murya irin ta tsohon da ya tashi daga barci, ya riƙa janyo ta sama a hankali ba tare da ta tsinke ba. Ya kwaikwayi jawabin ɗan majalisa, har da tarin da yake yi kafin kowane alkawari, filin ya kwashe da dariya. Dariyar ba ta gama sauka ba ya cire hularsa ya rufe bakin ƙahon, sautin ya dawo siriri, ya shiga wata tsohuwar waƙar raino da iyayenmu mata ke yi. Masu tallan gyaɗa suka sauke farantansu. Idonsa a rufe, gumi na bin wuyansa, ya manta da mu, ya manta da kakin jikinsa. Na tafa har tafina ya yi zafi, ni da na zo da addu'ar kada ya iya.

Da na waiwaya, carbin Malam ya tsaya cak a hannunsa, babban yatsan ƙafarsa kuma yana motsi cikin takalmi. Farin ciki ya kama ni, na ce shi ke nan, na samu matar aure.

Muka kamo hanyar gida ni da Malam har muka shigo ta Ƙofar Ɗan Agundi. A nan ya tsaya ya gyara rawaninsa.

"Ban taɓa jin gwani irinsa ba," in ji shi. "Amma ɗana, wannan ba umarni yake bi ba. Mabushi ne na gaskiya. Ka yi haƙuri."

Na yi magiya, na tura manya, na daina cin tuwon gida har na rame. Malam ko gezau. Ita ta jira ni iya jira, daga baya wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya aure ta suka koma Zariya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗakina yana jikin wurin da Malam yake alwala. Shekara da shekaru, in ya zaci babu kowa, sai in ji shi yana wanke ƙafa yana bin waƙar nan ta Saje da hanci, har da inda take hawa sama.