Juma'ar da Na Raba Kwamfuta Gida Biyu

A cikin abin da Baba ya bari, muryarsa na fi ji da ita. Shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa, duk sanda ya zauna ba da karatu a zaurenmu na Ɗorayi bayan la'asar, sai in ajiye waya a gefen buzunsa ta yi ta ɗauka. Wayar ta daɗe da mutuwa. Karatun ya rage a tsohuwar laftof ɗina, sai kwafi ɗaya a filashi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da karambani. Na shiga wani kwas a intanet da ba a yinsa sai da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, aikin ofis kuma ya ɗaure ni da Windows. Aka ce ana zaunar da su biyun a kwamfuta ɗaya, in ka kunna ta tambaye ka wanne kake so. Amma sai an matsa ma'ajiyar tsohon an yanka wa sabon fili, kamar a ja katanga a tsakar gida mutanen gidan suna ciki. In wuta ta ɗauke ana cikin wannan aikin, komai na iya salwanta.

Batirin laftof ɗin ko minti ɗaya ba ya riƙewa, wutar unguwarmu kuma sai ta ga dama. Shi ya sa na tafi da ita kamfanin robobin da nake aikin sito a Sharaɗa, inda janareta ke ruri daga safe har yamma. A ganina na yi dabara.

Sai an ɗora Linux a filashi kafin a sa shi a kwamfuta, ɗorawar kuma tana goge duk abin da ke ciki. Filashi ɗaya gare ni. Na ce ai karatun yana cikin kwamfuta, in na gama na mayar. Na goge shi da hannuna.

Sha biyu ta ɗan gota na danna maɓallin rabawa. Wani siririn layi ya fito yana rarrafe. Ina zaune na zuba masa ido sai na ji injinan narka roba suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suna fitowa suna naɗe hannun riga. Sai na tuna. Juma'a ce! A kamfaninmu ƙarfe ɗaya saura kwata ake kashe janareta ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci. Shekara shida ina wurin, ranar na manta. Layin ko rabi bai kai ba, kuma ba a tsayar da shi.

Da gudu na zagaya bayan sito wurin dattijon da ke kula da janareta. Mutum ne da ba ya wasa da lokaci, da shi muke gyara agogo.

"Malam, don girman Allah kada ku kashe yanzu. Minti ashirin kawai."

"Kai ma ka san doka," in ji shi. "Manaja yana jin ƙarar nan daga ofishinsa. Me kake dafawa da ba zai jira a sauko ba?"

"Karatun mahaifina ne a cikin kwamfuta. Bara ya rasu. In wutar nan ta ɗauke, ba ni da shi a ko'ina."

"Allah ya jiƙansa." Ya shafa gemu. "Ni dai ba na kashe inji sai na yi alwala. Yau kuma ka ga ban ga butata ba."

Butar tana nan a gefen ƙafarsa, shuɗiya, cike da ruwa. Ya tsallake ta ya tafi nema.

Na koma na tsuguna a gaban tebur. Tsoro nake ji, ga haushin kaina. Duk sanda janareta ya sauya murya sai in leƙa layin in ga inda ya kai. Na zagi kwas ɗin, na zagi wanda ya ba ni shawara, alhali na san mai laifin. Ta taga ina hango Malam yana leƙa bayan durom, yana tambayar masu wucewa ko sun ga buta.

Layin ya cika. Sauran aikin ya biyo baya, kwamfutar ta mutu ta tashi, baƙin allo ya fito da sunaye biyu. Ko kallon sabon ban yi ba. Na zaɓi tsohon, ya tsaya yana duba kansa kamar ba zai gama ba, sannan ya buɗe. Na danna karatun farko da hannuna ya kai.

Sai ga gyaran muryar Baba, da ƙarar shafin littafi. "To, ina muka tsaya jiya?"

Daidai nan wuta ta ɗauke. Sito ya yi tsit, na zauna hawaye yana zubo mini.

Malam ya leƙo ta ƙofa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, butar a hannu.

"Ya yi magana?"

"Ya yi, Malam."

"To taso mu tafi, kar mu rasa huɗuba."