Ranar da Aka Turo Mini Garba

Ko da zan manta sunayen jikokina, ranar da aka turo mini Garba Direba har gabana ba za ta ɓace mini ba. Ku daina dariya, maganar hukuma ce.

Lokacin nan motocin goro sun fara yawa a Ibadan, ni kuwa masinja ne a ofishin gari. An ɗauke ni saboda ina jin Yarbanci, ga boko daidai gwargwado: ina rubuta sunana da rabin na babana. Ga yadda aikin yake. Ɗan doka ya kama direba, kotu ta yanka tara, in bai biya ba sai a aike ni. Amma ikona yana ƙarewa a wani dutsen iyaka da ke Ojoo, arewa da gari. Daga nan ƙasar gunduma ce, ba ni da ikon taɓa ko kaza.

Garba maƙwabcina ne a Sabo, unguwar Hausawa. An ci shi tarar fam guda don ya ɗora fasinja a kan huhunan goro har mota tana nishi. Sai ya daina shigo da motar gari. Ya ajiye ta bayan dutsen nan, can yake kwana, 'yan dako su kai masa kaya. In na je sai ya miƙe ƙafa a kan madigadin motar ya ce, "Malam Masinja, ƙaraso mana! Ko dutsen cizo yake?"

Akawunmu ya gaji. Ya ce, "Audu, in wata ya mutu babu fam ɗin nan, ka ajiye kakin." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ni da saboda kakin nan ake ba ni bashi a kasuwa!

Na roƙi akawun gunduma ya kai ni wurin Baale, wato dagacin ƙauyen da ke bayan dutsen. Na kwanta rub da ciki irin gaisuwarsu, kaki da komai. Ashe shi ma yana da nasa ciwon: direbobi suna take masa awaki su tsere cikin gari, inda shi kuma ba shi da iko. Daga nan akawunmu da nasu suka shirya: mu karɓo musu nasu, su taimake mu da namu.

Baale ya tambaye ni, "Motar nan, yaya take tashi?"

Na ce, "Baba, handul ɗin da ake tayar da ita ya karye. Kullum mutanenka ke turawa, ya ba su goro."

Ya yi dariya har da tari. "Zo gobe da safe. Ka tsaya ɓangarenku."

Da safe na laɓe bayan wata bishiya a ɓangarenmu. Garba ya shiga mota, hancinta yana duban arewa. Majiya ƙarfi suka taru. Babbansu ya ce, "Oga, tudun nan ya yi mana nauyi yau. Bari mu ɗan koma baya mu samu gudu."

Garba ya ce, "Ku dai yi sauri."

Jama'a! Suka dafa ta ta gaba, suka ɗau waƙa. Ga gangara zuwa gari, ga birkin Garba da sai an sa masa dutse. Yana ihu, "Ya isa! Ya isa haka!" su kuwa suna ƙara amshi. Mota ta wuce dutsen iyaka kamar amarya, ta zo ta tsaya dab da ni.

Na fito, na gyara hula, na ce, "Malam Direba, ka ƙaraso? Ashe dutsen ba ya cizo."

Ya dube ni, ya dubi mutanen, sai shi ma ya fashe da dariya. Ya kwance lalita ya biya fam. Kafin ya ɗaure, ga Baale da sandarsa: ashe akuya ɗaya tana wuyan Garba. Ita kuma ni na karɓa musu, tun da yanzu a ƙasata yake.

Sai ga matsala. Ƙauyawa sun koma, mota ba ta tashi ba, goro zai bushe. Garba ya leƙo ya ce, "To, hukuma, wa zai tura?"

Na tuɓe kakin da na ceto, na rataye a reshe, na kira 'yan dako, na sa kafaɗa.

Abin da na koya ke nan, yara. Ikon kowa yana da dutsen da yake tsayawa, saboda haka ku san mutumin da ke ɗaya gefen. Wanda kuka karɓi tararsa kuma, kada ku bar shi a hanya. Gobe sahu ɗaya za ku bi da shi a masallacin Sabo.