Ranar da na fita farautar tururuwa a Doha

Duk abin da ya same ni a zamana na Doha zan iya mantawa, amma ban da makonnin da suka biyo bayan haihuwar ɗanmu na fari. Har yau in na tuna sai dariya ta taso mini, kafin ta gama fita kuma ƙirjina ya yi nauyi.

Lokacin ina shugaban masu gadi a wani otal a Lusail, muna zaune ni da maiɗakina a wani ɗan gida can saman bene a Al-Sadd. Ba uwa, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo. Ni ne mai dafa ruwan wanka, ni ne mai dama kunun kanwa, kunun da wallahi ko ni ba na iya haɗiye shi. Saboda haka mahaifiyata, Inna, ta karɓi ragamar jegon daga Zariya ta waya. Tun safe ake jingina wayar a jikin filas, bidiyo a kunne, tana ganin komai tana ba da umarni.

Yaro kuwa sai kuka. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Kan nonon uwar duk ya tsattsage, tana ba shi tana cije leɓe. Da aka auna shi aka ce nauyinsa ya ragu fiye da yadda ya kamata.

Inna ta ce, “Ni nonon nan nake zargi. A tatsa a murfi, a jefa tururuwa. In ta fito, lafiya lau. In ta mutu, nono ya ɓaci.”

Na ce, “Inna, a nan ina zan ga tururuwa?”

Ta ce, “Kai, kada ka raina mini hankali. Akwai ƙasar da Allah bai yi wa tururuwa ba?”

Jama'a, gidan da ake fesa wa magani kowane wata! Na duba bayan firij, na duba ƙarƙashin tukunyar gas, ko ɗaya. Haka na sauka cikin zafin nan mai dafa ƙwai, ƙato da ni, na tsuguna gindin wani dabino a bakin titi ina tonon ƙasa. Da ƙyar na kama guda, na saka ta a kwalba. Kafin in hau bene ta riga ta galabaita. Aka jefa ta cikin nono, ta ɗan motsa ƙafa, shi ke nan.

Inna ta yanke hukunci: a daina ba shi, a sa shi kan madarar gwangwani, in sayi tikiti in turo su gida a yi wa uwar magani. Bayan an kashe waya maiɗakina ta dube ni ta ce, “Malam, ashe ni nake cutar da shi?” Ban taɓa jin tausayi da tsoro sun haɗu mini kamar ranar ba.

Washegari a wurin aiki na ba wani abokina labari, mutumin zangon Kumasi ne, mai kiran kowa Massa, wato maigida. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, “Massa, tururuwa likita ce? A asibitin unguwarku akwai matar da aikinta kawai koya wa mata shayarwa. Ba irin masu tallar garin magani a waya ba. Ta yi karatu, ta ci jarrabawa, hukuma ta ba ta lasisi.”

Na ce ai wannan sai masu hali. Ya ce, “Katin lafiyar matarka fa, ado ka yo mata shi? Yalla, maza ka kai ta.”

Muka je, Inna na cikin waya a hannuna. Matar 'yar Sudan ce, dattijuwa, katin lasisinta rataye a wuya. Muka haɗa guntun Larabcina da Turanci muka fahimci juna. Ta auna yaro, ta ce a ba shi nono ta gani. Nan take maiɗakina ta lulluɓe shi da mayafi, ta ajiye shi can kan cinya, ta kau da kai tana kallon bango. Matar ta tambaye ni dalili. Na ce ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta ƙura masa ido, balle a gaban surukarta.

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta gai da Inna cikin ladabi, ta roƙi a ba ta aron surukarta na ɗan lokaci. Sannan ta nuna mini ƙofa ta ce, “Khalas, shi ke nan, kai da wayar, waje.”

A baranda Inna ta ce, “Wa ya ba ta ikon korata?”

Na ce, “Gwamnati, Inna. Takardar na wuyanta.”

Ta ce, “To, mu gani.”

Da aka kira mu, na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Maiɗakina ta rungume yaro ƙirji da ƙirji, idonta cikin nasa, bakinsa ya buɗe sosai ya kama da kyau. Ashe duk kwanakin nan kan nonon kawai yake tsotsa, don ba mai kallon yadda ya kama. Matar ta sa na matso da wayar kusa da wuyansa. Ƙwat, ƙwat, ƙwat, yana haɗiya. Da ya ƙoshi aka sake ɗora shi a ma'auni, nauyi ya ƙaru a gaban idonmu.

Sai guɗa ta ɓarke daga cikin waya, har wata nas ta leƙo a guje. Inna ta ce, “Ja'irar tururuwa, dama ajalinta ne ya zo!” Maiɗakina tana dariya tana hawaye. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don murna.

Na je wurin biya, aka duba kati aka ce in tafi ba sai na biya ba, har zuwan da za mu sake yi yana ciki. Ba a sayi tikitin komawa gida ba. Nonon da aka ce ya ɓaci shi yaron ya sha har yaye. Inna da kanta ta kafa doka, in za a ba shi nono a kife wayar.

Abin da na koya shi ne, macen da shayarwa ta yi wa wuya ba hukunci take bukata ba. Tana bukatar wadda ta san aikin, wadda hukuma ta tantance, ta zauna kusa da ita, kuma kada rashin kuɗi ya tsaya a bakin ƙofa. Yanzu haka maiɗakina karatun wannan aikin take yi. Ta ce in lasisin ya zo hannunta gida za ta kai shi, don akwai matan da har yau suke ganin laifinsu ne.